Akuyar da Ta Iya Ɗaure Waya

Masu bibiyar wannan labari nawa, ina yi muku sallama, ina kuma roƙon ku gyara zama, domin yau ba yabon kaina na zo yi ba. Laifi na zo amsawa. Na yi wa ma'aikacin hukuma sata har sau biyu, na ɗora wa dabbar da ba ta ji ba ba ta gani ba, sannan na ciyar da gwaggota kayan shaida. Idan kun gama yi mini tsaki, sai ku saurari yadda abin ya faru.

Saboda waɗanda yau suka fara riskar mu: ni ce ƙaramar gidanmu, shekarata ashirin da biyar, kuma Auta kowa yake kirana. Babana yana da lambun renon dashe a bayan gida, inda yake tayar da 'ya'yan lemo a cikin baƙaƙen ledoji, ya yi musu aure da reshen itace mai zaƙi, ya sayar wa masu gonaki. Ni nake riƙe masa waya, ni nake tarbar masu saye. Sai Gwaggo, yayar Baba, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, wadda kuma ba ta da waƙar da ta wuce guda ɗaya: "Ubanki ya aurar da itace dubu, ya kasa aurar da 'ya ɗaya."

A bana wata cuta ta shigo gonakin lemo. Saiwa take ruɓarwa a ɓoye, sai an wayi gari a ga babbar bishiya tana zubar da danƙo daga gindi, ganyenta ya koɗe, ta bushe a tsaye. Aka ce daga lambunan reno take tafiya, a cikin ƙasar leda, a jikin dashen da ake gani kore shar. Shi ya sa da tsohon shugaban makarantarmu, wanda har yau muke ce wa Shugaba, ya nemi dashe ɗari uku da zai cike gibin gonarsa, sai ya ce ba zai ɗauki ko ɗaya ba sai da takardar shaidar lafiya. Baba ya jera masa su layi uku, ɗari-ɗari, ya aika ofishin kula da shuke-shuke.

Ranar Litinin da hantsi suka aiko mana da mutum. Dogo ne, sanye da riga mai aljihu da yawa, da tabarau mai zamewa kan hanci, da takalmin roba har gwiwa. A ƙofar lambu ya tsaya, ya zuba magani a faranti, ya tsoma ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar mai shiga ɗakin tiyata, sannan ya gaida Baba cikin ladabi. A hannunsa akwai baho uku da jakar takarda. Da ya buɗe jakar, sai ga ɗanyar tuffa guda uku, koraye, ba ƙwarzane ko kaɗan.

Baba ya ce, "Ɗana, dubi ganyen nan. Wannan ya yi maka kama da mai ciwo?"

Ya ce, "Baba, ganye shi ne na ƙarshe da ke samun labari. Ƙwayar cutar nan iyo take yi a ruwa, ido ba ya ganinta, amma tana da kwaɗayi. Za mu shayar da kowane layi, mu tari ruwan da ya tsiyayo daga ledojin a baho, mu saka tuffa ɗaya a ciki kwana uku. In tana nan, za ta biyo ruwa ta kama fatar tuffa. Sai mu tsame, mu ajiye a kan takarda kwana biyu, tabo ya fito. Tarko ke nan."

Ni ce na riƙe masa tiyo. Yana ja da baya sai ya taka wani ƙaramin dashe bisa kuskure. Ya durƙusa, ya miƙar da shi, ya danna ƙasar gindinsa da yatsa biyu, ya ce masa, "Yi haƙuri." Jama'a, da dashen yake magana, ba da ni ba. Amma ni ce na ji abin har tafin ƙafata.

Da zai tafi ya karɓi lambar wayar lambu, wadda ita ce tawa, ya ce, "Malama, ranar Alhamis zan tsame su, Asabar in duba. In babu tabo na sa hannu, ba za ku ƙara ganin ƙeyata ba."

Ina shiga gida Gwaggo ta janye kanta daga taga.

"Wane ne wannan mai tuffa?"

"Ma'aikaci ne, Gwaggo. Aiki ya zo."

"Saurayi ya shigo gidan da ke da budurwa, da tuffa a hannu, ki ce mini aiki? Ni za ki koya wa duniya?"

Na ce mata tuffar ta cuta ce. Ta ce ita ma a zamaninta an kawo mata abubuwa da sunan wani abu daban. Na shige ɗaki na ajiye lambarsa da sunan Likitan Saiwa, maganarsa ta ƙarshe tana ta yi mini yawo a kai. Ba za ku ƙara ganin ƙeyata ba. Zuwa uku kacal, a rufe littafi.

Ranar Laraba bayan azahar, Baba ya tafi sayen ledoji, Gwaggo tana barci da rediyo a kunne. Na zaga lambu, wai in duba ko ruwan bahon ya ragu. Na tsaya a kansu. Wata zuciya ta ce mini: idan babu tarko babu sakamako, idan babu sakamako dole a sake zuwa. Ban yi gardama da ita ba. Na tsame tuffa ukun nan, na wanke da sabulu sau uku, na laɓe bayan tankin ruwa na cinye su tas. Tsami ya isa, amma na daure, domin ɓarawon kirki ba ya barin saura.

Alhamis ya zo, ya leƙa baho na farko, na biyu, na uku, ya tura tabarau sama.

"Malama, ina tarkunana?"

"Akuyar maƙwabta ce," na ce, idona a ƙasa.

Ya juya ya dubi shinge. Akuyar tana can kwance, tsohuwa ce mai ɗingishi, tana tuƙa cikin natsuwa.

"Ko guntu ba ta bari ba?"

"Akuya ce mai tsafta."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce sai Litinin, domin samun tuffar da ba ta da ƙwarzane sai an zaɓa. Da la'asar ina kwance, cikina yana murɗawa tun jiya, sai ga saƙo:

"Malama, ya jikin akuya? Ɗanyar tuffa uku kan wahalar da ciki."

Na amsa: "Ta ji sauƙi. Ta gode da kulawa."

Na rungume wayar ina murna, ina cewa dubi mai tausayin dabbobi. Kada ku ce komai. Na san abin da kuke tunani.

Litinin ta biyu ya dawo da sabuwar tuffa da ragar ƙarfe. Ya rufe kowane baho, ya ɗaure da waya. Wannan karon ya daɗe, har ya nuna mini hotunan saiwa a wayarsa, mai lafiya fara sol, mai ciwo baƙa tana saɓulewa kamar jiƙaƙƙen zare. Na yi tambayoyin da ban damu da amsarsu ba. Ya sha shayi a ƙarƙashin rumfa. Ni kuwa ranar na sa gyale mai ruwan toka wanda ba a shiga lambu da shi.

Laraba ta sake zagayowa, zuciyar nan ta sake magana. Na kwance wayar, na kwashe tuffar, na mayar da raga, na ɗaure. A nan ne wautata ta fito fili. Hannun da ya saba ɗaurin auren dashe ba ya ɗauri a hargitse: na zagaya sau uku, na soke bakin wayar a ƙasa, tsaf, yadda Baba ya koya mini. Cikina kuma ya ce ba zai sake ba. Sai na wanke su, na jera a faranti, na kai wa Gwaggo.

"Ya ce a kawo miki."

Gwaggo ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali. "Ni? Ka ji yaro mai tarbiyya. Ya san ta inda ake shiga gida." Ta fere, ta barbaɗa gishiri, ta ci biyu, ta aika wa ƙawarta ɗaya tare da labari. Kafin magariba rabin layinmu ya san Auta ta yi Mai Tuffa.

Washegari ya tarar da raga a ɗaure, baho babu komai. Ya durƙusa ya daɗe yana kallon ƙullin wayar.

"Akuyar ce dai?"

"Ita ce."

"Allah ya yi mata basira."

Kafin in sami abin faɗa, sai ga Gwaggo da sabon mayafi, har da turare. "Ɗan nan, na ga saƙo. Allah ya yi albarka. Da ɗan tsami, amma an gode."

"Saƙo, Gwaggo?"

Tari ya sarƙe ni. Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi Gwaggo, ya ce, "Ba komai, Gwaggo. Yi wa kai ne." Na lallashi kaina cewa bai gane ba.

Wanda bai ga abin dariya ba shi ne Baba. Ya tafi wurin maƙwabcinmu, mutumin da suka yi shekara ashirin ba su taɓa sa-in-sa ba, ya gaya masa magana a kan akuya, har aka ɗaure baiwar Allah da igiya a turke. Ya dawo yana huci, ya ce ruwan sama ya sauka, Shugaba ya haƙa rami ɗari uku, kuma ranar Asabar ta makon gobe zai zo da mota. Na ji kunya ta rufe ni. Na yi wa kaina alkawari na tuba.

Karo na uku a ɗakin ajiya aka saka bahunan, aka sa kwaɗo, Baba ya miƙa mini makulli yana cewa, "Riƙe, Auta, ke kaɗai na yarda da ke." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ban taɓa komai ba. Alhamis Likitan Saiwa ya tsame tuffar, ya jera a kan kanta, kowace bisa takarda mai lambar layinta, ya ce sai Asabar da hantsi.

Juma'a da rana na buɗe ɗakin don in ɗauki almakashi. Ta farko lafiya. Ta biyu lafiya. Ta uku, daidai inda ruwa ya tsaya mata, ga tabo mai ruwan ƙasa, faɗin babban yatsa, mai tauri, gefensa a zagaye kamar an zana. Irin wanda ya nuna mini a hoto, ba ragi. Na kira Baba, Gwaggo ta biyo shi.

Baba ya ɗauki tuffar ya kai ta bakin ƙofa wurin haske. Layi na uku shi ne abin alfaharinsa. Shekara ɗaya da rabi yana renonsa, shi ya yi wa kowanne aure da hannunsa, a ƙasar da ya sa aka ɗebo masa daga bakin rafi saboda taushinta.

Gwaggo ta ce, "To me za a yi wa layin?"

Na ce, "Ƙonawa ake yi, Gwaggo. Har ledojin."

"Saboda ƙurji ɗaya a jikin tuffa ɗaya?" Ta yafa mayafi ta fita. Ba a jima ba ta dawo daga kasuwa da koriyar tuffa sumul, ta ɗora a kan takarda mai lamba uku, ta tura mini mai tabon. "Jefa wannan a shara. Tuffa ai tuffa ce."

Baba ya ce, "Yaya, ki bar wannan magana."

"In bari ka ƙone guminka? Kai ka yi shiru, ba da hannunka aka yi ba." Ta juyo kaina. "Ke kuma gobe ki sa doguwar rigarki shuɗiya, mai aiki a wuya. Ki tsaya kusa da shi. Yaron da ke aiko wa tsohuwa tuffa ba zai tsaya ƙirga ƙuraje a gidan surukai ba. Sau ɗaya dai a rayuwarki ki yi wa gidan nan amfani da fuskarki."

Na dubi Baba. Bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Ya ɗauki tiyo ya fita, ya tsaya yana shayar da layin da ya riga ya sha ruwa.

Ban jefa ta a shara ba. Na naɗe ta a hankici na saka a jakata, tsakanin madubi da caja. Na zauna a bakin gado ina tuna gonar Shugaba. Wasu daga itatuwan da ke cikinta sun girme ni. Kowace shekara da ya yaye ɗalibai sai ya dasa ɗaya, ya kira ta da shekarar, kuma duk ƙarshen zango yakan zo mana da kwanduna a bayan mota, kowane yaro lemo biyu. Akwai bishiyar ajinmu a can, kusa da rijiya. Tsakanin waɗannan aka haƙa ramukan.

Waya ta yi ƙara.

"Malama, ya tarkunana? Ko kin ga wani abu kada ki taɓa. Sai gobe."

Na rubuta "Lafiya lau," na goge. Na rubuta "Akwai magana," na goge. A ƙarshe na aika: "Suna nan." Ba ƙarya ba ce, domin huɗu ma ake da su.

Asabar na sa shuɗiyar rigar, saboda Gwaggo ta goge ta da kanta ta tsaya a kaina. Na rataya jakata. Ya iso da hantsi, ya tsoma takalmi a magani, muka shiga ɗakin ajiya mu huɗu. Ya ɗauki ta farko, ya juya, ya leƙa ramin da ke gindin karanta, ya ajiye. Ta biyu haka. Ya ɗauki ta uku, ya juya, ya leƙa ramin, ya sake leƙawa. Fuskarsa ta sauya. Wannan fara'ar da ke laɓe a gefen bakinsa ta ɗauke ɗif.

"Malama," ya ce, bai dube ni ba, "babu abin da ya taɓa su? Akuya ba ta zo ba?"

Gwaggo ta yi caraf: "Ina ta ga hanya, ɗan nan? Ga kwaɗo. Sa hannu kawai, ga shayi can yana hucewa."

A waje mota ta yi ham. Shugaba ya iso. Likitan Saiwa ya zaro takarda, ya cire murfin alƙalami. Gwaggo ta mintsine ni a damtse, wai in matsa kusa in yi murmushi. Na matsa kusa. Na buɗe jaka, na warware hankici, na ɗora mai tabon a kan takardarsa. Tabon ya ninka na jiya.

"Wannan ce ta layi na uku," na ce. "Waccan ta kasuwa ce."

"Auta!" in ji Gwaggo.

Tunda bakin ya buɗe, sai na kasa rufe shi. "Kuma babu wata akuya. Ni ce. Na farko ni na cinye su a bayan tanki. Na biyu Gwaggo na kai wa."

Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Wato tarkon cuta kika fere mini?"

"Ke kika fere, Gwaggo. Ni wankewa na yi."

"Ba ta kama mutum, Gwaggo," in ji shi da sauri. "Itace kawai."

"Rufe mini baki, kai da ba ka taɓa aiko mini da komai ba!"

Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Ɗana, maganar tuffar kasuwa, da sanina aka yi. Na kwana ina neman bakin da zan faɗa, 'yata ta riga ni. A ƙone layin." Sannan ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Amma ke, me ya kai ki cin kayan aikin mutum?"

Na dubi silin, na dubi ƙasa, na dubi almakashi. Gwaggo ce ta amsa, cikin takaici: "Kai ma dai, ƙanena. Don ya dawo mana."

Likitan Saiwa ya tura tabarau sama, kunnuwansa kamar za su kama wuta. Ya juya mai tabon ya nuna wa Baba wani ɗigon shuɗin fenti, ƙanƙane, a ramin gindin kara. "Kowace tuffata tana da wannan, Baba. Da na ga babu a waccan, takardar da zan rubuta ta rufe lambun nan gaba ɗaya ce, saboda an sauya shaida. Tunda daga hannunku gaskiya ta fito, layi na uku kawai za a ƙone." Ya mayar da murfin alƙalami. "Sai dai akwai saura. Layi na uku yana sama, na biyu yana gangare. Mako biyun da aka ɓata, duk ruwan da aka zuba a sama ta ƙarƙashin na biyu ya bi. Tarkon nan ya ce lafiya, amma ƙila cutar ba ta kai ƙarfin nunawa ba. Sai an ɗaga ledojin daga ƙasa, a jira, a sake gwadawa. Ni ma da laifina. Tun ranar da na ga ƙullin wayar nan ya kamata in yi magana."

Mako biyun nan nawa ne, masu karatu. Ni na ci su, da sabulu.

Shugaba ya saurari bayani a tsaye, yana dogare da sanda. Ya ce ramuka ba sa ruɓewa, za su jira. Da zai shiga motarsa wadda ta zo wayam za ta koma wayam, ya dube ni ya ce, "Auta, tun kina aji uku ba ki iya doguwar ƙarya ba. Allah ya bar ki haka."

Da azahar aka haƙa rami a ƙarshen lambu aka ƙone dashe ɗari. Baba da kansa ya riƙa miƙa su ɗaya-ɗaya, bai bar kowa ya taya shi ba. Ɗanyen ganyen lemo yana da ƙamshi idan yana ci da wuta, kuma ban taɓa jin ƙamshin da ya ƙona mini rai kamar wannan ba. Da aka gama ya tasa ni gaba har gidan maƙwabci, na ba da haƙuri a gaban iyalinsa, na kwance akuyar da hannuna. Tuffar kasuwar ita aka ba. Ta shinshina, ta kau da kai. Ashe ma ba ta ci.

Kwana biyu babu saƙo. Gwaggo ba ta yi mini magana sai ta hanyar kujera: "A gaya wa mai ciyar da mutane tarko ta zo ta ɗauke wankinta." A rana ta uku, ina shara, waya ta yi ƙara.

"Malama, na miƙa lambunku ga abokiyar aikina. Ba zan sake zuwa dubawa ba."

Na zauna a kan bokiti. Ga abin da na yi sata don kada ya faru. Sai wani saƙon ya shigo:

"Ƙa'idar aikinmu ba ta yarda mutum ya binciki gidan da yake da wata buƙata a cikinsa ba. Ina neman izinin zuwa gaida Baba, ba da takalmin roba ba. Ki tambaya mini. Ki kuma gaida akuya."

Na karanta sau bakwai. Na kai wa Gwaggo, domin ba ni da fuskar tunkarar Baba. Ta sa na karanta mata sau biyu, fushinta ya narke kamar ba a yi ba, ta ce ai ita tun ranar farko ta faɗa. Ta ja ni har rumfa, inda Baba yake ɗora ledojin layi na biyu a kan benci. Ya saurara bai daina aiki ba. Da ya ajiye ta ƙarshe ya karkaɗe hannu.

"Yaron kirki ne," ya ce. "Ki gaya masa ya zo ranar da tuffar layi na biyu ta fito babu tabo. In ta fito da tabo, ni da ke muna da shekara ɗaya da rabi ta sabon reno, kuma ba na karɓar baƙo ina cikin aiki."

"Haba ƙanena, shekara ɗaya da rabi!"

"Yaya, makulli a hannunki zai zauna."

Abokiyar aikin nasa ta zo ranar Litinin ɗin nan. Dattijuwa ce mai gajeriyar magana, ba ta shan shayi, ba ta ba dashe haƙuri. Ta yi gwajinta, jiya ta tsame tuffar ta ɗora a kan kanta, ta ja ƙofa ta sa kwaɗo. Gwaggo ta zura makullin a igiya ta rataya a wuya, ta tura shi cikin riga, ta ce ko wanka da shi za ta shiga.

Ni da na yi sata sau biyu don kada bincike ya ƙare, yau babu wanda ya kai ni son ya ƙare. Ɗakin ajiyarmu yana da taga ɗaya mai raga, can sama. Ɗazu na kifa bokiti na hau, na manna fuskata. Ina hango ta a kan takarda mai lamba biyu, koriya, ita kaɗai. A gefenta na hagu akwai wani ɗan duhu. Na rantse muku ban sani ba ko inuwar ragar ce ko kuwa abin nan ne. Na karkata dama, duhun bai motsa ba. Na karkata hagu, sai na ga kamar ya motsa.

Ina cikin haka na ji muryar Gwaggo a bayana, makulli yana ƙara a wuyanta.

"Sauko, akuya. Sai gobe da hantsi."